Finafinan Japan a kan masu bibiyar mata: bayan wa kyamara take?

Sadiya Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya kalli Perfect Blue ya matso, akwai maganar da nake so mu yi. Ga waɗanda ba su san shi ba, fim ne na zane, aikin Satoshi Kon, ya fito a 1997, tsawonsa minti 81 kacal. Labarin wata yarinya ce, Mima, mawaƙiya a ƙungiyar 'yan mata uku mai suna CHAM. Ta ce ta bar waƙa za ta koma wasan kwaikwayo, daga nan rayuwarta ta dagule. Aka turo mata takarda ta faks ana kiranta maciya amana. Sannan ta gano akwai shafi a intanet da ake rubuta duk abin da take yi kullum da sunanta, kamar ita ke rubutawa: abin da ta saya a kanti, har ƙafar da ta fara saukewa daga jirgin ƙasa.

Wurin da ya tsaya mini a rai yana can farko. Mutumin da ke bibiyarta, Me-Mania, yana gadi a wurin wasansu. Ya ɗaga tafin hannunsa daidai idonsa, sai ka hango Mima daga nesa kamar a cikin hannunsa take rawa. Ta idonsa Kon ya nuna mana wannan. To in darakta ya zaunar da kai a mazaunin mai bibiya, ya sa ka kalli mace yadda shi yake kallonta, tsine wa abin yake yi ko tallarsa yake maka?

Abba Fagge: Wa alaikumus salam. Anti Sadiya, katun kike nufi? Irin wanda yara ke kallo?

Sadiya Zazzau: Zane ne, amma kada ka yarda yaro ya kusance shi. Akwai kisa, akwai tsiraici, akwai wurin da ake wasan fyaɗe a gaban kyamara. Ko babba sai mai ƙarfin zuciya.

Malam Bashir K/Na'isa: Sadiya, kin ɗauko magana mai nauyi. Kafin a amsa miki sai an fahimci sana'ar da Mima take ciki. A Japan akwai mawaƙan da ake kira aidol. Muryarsu ba ita ce babbar hajar ba. Abin da kamfani ke sayarwa shi ne kusanci: yarinya mai fara'a, mai kunya, wadda kowane masoyi zai ji kamar tasa ce. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke hana su yin saurayi. A 2013 wata mawaƙiyar ƙungiyar aidol mai suna AKB48 ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo tana kuka tana ba da haƙuri, don kawai wata mujalla ta ɗauke ta tana fitowa daga gidan wani saurayi. Ƙungiyar nan kuma ta shahara da taron musabaha: ka sayi faifan waƙa, ka sami tikiti a ciki, ka bi layi ka gaisa da yarinyar na 'yan daƙiƙu. A watan Mayu na 2014, a jihar Iwate, wani ya shigo irin wannan taro da zarto ya raunata biyu daga cikinsu da wani ma'aikaci.

Saboda haka Me-Mania bai faɗo daga sama ba. Kasuwa ce ta raine shi, ta ce masa wannan taka ce, rannan kuma yarinyar ta ce ita mutum ce mai nata ra'ayin. A wurinsa Mima ta gaskiya ita ce ta jikin hoto, wadda ke numfashi kuwa ta jabu ce da ta zo ta ɓata masa tasa. A ganina Kon tsinuwa yake yi, kuma har da mu masu kallo a ciki.

Hafsat Kumasi: Malam ya yi gaskiya. Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan, zan faɗi ƙarshe.

Mai rubuta shafin nan ba Me-Mania ba ne, Rumi ce, manajarta, wadda ita ma tsohuwar aidol ce da zamaninta ya wuce. Ita ce ta fi kowa kusa da Mima, ita ke rarrashinta, ita ta haɗa mata kwamfutar ma. Mutumin nan mai ban tsoron fuska tura shi aka yi. Kon ya sa muka zuba ido a kan baƙon da ke laɓe a waje alhali ciwon yana cikin ɗaki.

Sadiya Zazzau: Hafsat, a nan ne ma nake da ƙorafi. Me ya sa aka zana Me-Mania da mummunar fuska, idanu a warwatse, haƙora a karkace? Sai mai kallo ya sami mafaka, ya ce ai ni ba haka nake ba. Yawancin masu bibiyar mata kuwa mutane ne masu tsaf, suna gaisawa da kowa a unguwa.

Nura Gwammaja: In kuna neman mai bibiya mai kyan fuska ku kalli Audition na Takashi Miike, 1999, daga littafin Ryu Murakami. A nan mace ce. Asami, 'yar shekara 24, farar riga, murya ƙasa-ƙasa, ga ladabi. Akwai wurin da take zaune a ƙasa a ɗakinta, kai a sunkuye, gashi ya rufe fuska, kwana da kwanaki tana jiran waya ta yi ƙara. Can gefe ga wani buhu a ɗaure. Waya ta yi ƙara, ta yi murmushi, buhun ya motsa. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da tsigar jiki irin wannan ba. Abin da ta yi wa Aoyama, mutumin da ke neman aurenta, a ƙarshe da allurai da wayar ƙarfe ba zan iya rubutawa ba. Bawan Allah matarsa ta rasu shekara bakwai, ɗansa ya ce Baba ka yi aure, shi ke nan laifinsa.

Hafsat Kumasi: Shi ke nan laifinsa? Haba Yaya Nura. Ka manta yadda ya same ta? Shi da abokinsa Yoshikawa suka shirya tantance 'yan wasa na ƙarya, suka ce za a yi fim, mata suka turo hotuna da tarihin rayuwarsu, aka zaɓi talatin suka zo ɗaya bayan ɗaya suna amsa tambayoyi, su biyu suna zaune bayan tebur suna auna su. Kowace ta zo neman aiki, shi kuwa matar aure yake zaɓa ba da saninsu ba. Tun kafin ya ga Asami ido da ido ya riga ya kamu da takardarta, ya karanta cewa ta bar rawar bale saboda rauni, ya gina mata hali a ransa: mai haƙuri, mai biyayya, wadda ta sha wuya. Yoshikawa ya gaya masa an kasa samun mutanen da ta ba da sunansu, ya ce ya yi hattara, bai ji ba. Wa ya fara farautar wani a cikinsu?

Nura Gwammaja: Yaudara daban, yanke wa mutum ƙafa daban, 'yar'uwa.

Hafsat Kumasi: Ban ce ya cancanci abin da aka yi masa ba, babu wanda ya cancanta. Cewa na yi rabin farko na fim ɗin an yi shi ne kamar labarin soyayya mai sanyi don mu ji daɗin zama kusa da Aoyama, mu ma mu riƙa zaɓa tare da shi. Kai ma ka ce bawan Allah. To ka ga dabarar Miike ta ci.

Malam Bashir K/Na'isa: Ku bari in ƙara wani abu daga tarihi, don Asami tana da kakanni. A cikin Hikayar Genji, wadda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, akwai Uwargida Rokujo, masoyiyar Genji, jarumin labarin. Kishi ya ci ta har kurwarta ke fita daga jikinta tana raye ta je ta addabi matar Genji, ita kanta ba ta san tana yi ba. Akwai kuma labarin Kiyohime da ɗan zuhudu Anchin: ya yi mata alkawarin dawowa ya saɓa, ta bi shi, ta rikiɗe ta zama macijiya ta ƙetare kogi, ya ɓuya a ƙarƙashin babbar ƙararrawar wurin bauta na Dojoji, ta nannaɗe ƙararrawar ta ƙona shi a ciki. Har yau ana wasan wannan labari a dandalin Noh da Kabuki, wasannin kwaikwayon gargajiya na Japan. Fuskar katakon nan mai ƙaho da ake kira hannya, ta macen da kishi ya mayar aljana ce.

Abin lura shi ne adabinsu ya daɗe yana ɗora wannan ciwo a kan mace. In ka buɗe rajistar 'yan sanda kuwa, mafi yawan masu kai ƙara mata ne, mafi yawan waɗanda ake ƙara maza.

Barista A'isha: Malam ya kawo ni inda nake jira. Ku duba shekarun: Perfect Blue 1997, Audition 1999. A lokacin babu wata dokar ƙasa a Japan da ta hana bibiya a kan kanta. Ranar 26 ga Oktoba 1999 aka kashe wata ɗalibar jami'a 'yar shekara 21 da rana tsaka a gaban tashar jirgin ƙasa ta Okegawa, jihar Saitama. Ta rabu da wani saurayi, ya ƙi yarda. Watanni ana yi mata barazana, aka lilliƙa takardun ɓata suna da hotonta a unguwarsu, aka aika wasiƙun ƙazafi wurin aikin mahaifinta. Ita da iyayenta sun yi ta zirga-zirga zuwa ofishin 'yan sanda na Ageo, ana ɗaukar abin rikicin saurayi da budurwa. Daga baya ta bayyana har takardar ƙarar da ta shigar an sauya ta don kada a yi bincike. Wani ɗan jarida, Kiyoshi Shimizu na mujallar Focus, shi ya gano wanda ya soke ta kafin 'yan sanda su kama shi. Ɗan'uwan saurayin ne ya shirya kisan, shi saurayin aka tsinci gawarsa a Hokkaido a farkon 2000. An kori 'yan sanda uku, kotu ta same su da laifin sauya takardu. A shekarar 2000 majalisa ta kafa dokar hana bibiya.

Kuma duk gyaran da aka yi wa dokar, sai da wani mummunan abu ya faru tukuna. A 2012 a garin Zushi wani ya aika wa tsohuwar budurwarsa saƙon imel fiye da dubu, aka ce doka ba ta ambaci imel ba, ya kashe ta. Aka gyara a 2013. A watan Mayu na 2016 a Koganei, cikin Tokiyo, wani masoyi ya daddaɓa wa wata ɗaliba mawaƙiya wuƙa bayan ya daɗe yana damunta a Twitter, kuma ta riga ta kai ƙara. Allah ya yi da sauran kwananta. Aka shigar da kafafen sada zumunta cikin dokar a ƙarshen shekarar. A 2021 aka ƙara liƙa wa mutum na'urar GPS ba da izininsa ba. Har yanzu 'yan sandan Japan na karɓar koke kusan dubu ashirin a shekara a kan wannan.

Abba Fagge: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe abin ya wuce fim.

Barista A'isha: Ya wuce, ƙanena. A 2019 an kama wani da ya gano tashar jirgin da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar ƙara girman hotunanta, ya duba abin da ya fito a ƙwayar idonta, ya gwada da hotunan tituna na Google, ya je ya jira ta, ya bi ta har gida ya far mata. Kon ya rasu a 2010 yana da shekara 46, bai ga wannan ba, amma abin da ya zana ke nan tun lokacin da yawancin mutane ba su taɓa shiga intanet ba.

Ɗan Maraɗi: Ni zan kawo wanda na san za a yi mini ca. Under Your Bed, 2019, kuma mace ce ta ba da umarni, Mari Asato. Kengo Kora ya fito a matsayin Mitsui, mutumin da tun yana yaro babu mai tunawa da shi, ko a gida ko a makaranta. Mace ɗaya ce ta taɓa kiran sunansa a jami'a, suka sha kofi tare sau ɗaya. Bayan shekara goma sha ɗaya ya nemo inda take, ya buɗe shagon kifin ado kusa da gidanta, yana leƙenta da madubin hangen nesa, ya sami makulli yana shiga, har yana kwanciya a ƙarƙashin gadonta. A haka ya gano mijinta na dukanta dukan kawo wuƙa. Duk unguwar babu wanda ya san halin da take ciki sai shi. Gaskiya na tausaya masa. Ba don laɓewar tasa ba, wa zai cece ta?

Sadiya Zazzau: Ka ga irin fim ɗin da nake tsoro ke nan. An ajiye masa azzalumin miji a gefe don shi ya fito fes. In aka ɗauke mijin, me ya rage? Namiji baƙo a ƙarƙashin gadon matar aure.

Ɗan Maraɗi: Amma fim ɗin bai wanke shi ba, Anti. Ya daɗe yana jin ana dukanta yana kwance bai motsa ba. An nuna shi matsoraci ne, kuma ita ba ta ma tuna shi ba da suka haɗu.

Hafsat Kumasi: Wannan da ka faɗa shi ya fi komai tayar mini da hankali. Yana jin kukanta, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ko za ta tuna sunansa. Wahalarta ta zama hanyar da shi zai zama wani. Na yarda Asato ta san abin da take yi, ta bar wannan a fili ga mai ido. Amma muryarsa ce ke ba mu labari daga farko har ƙarshe, tunaninsa muke ji, ƙuruciyarsa aka nuna mana. Saurayin da ke zaune shi kaɗai yana bin hotunan wata a waya, in ya kalli wannan, darasin da zai ɗauka shi ne wata rana za ta gane shi ne mai sonta na gaskiya.

Nura Gwammaja: To ai mu ma a kan wannan muka tashi. Wa bai kalli Darr ba? 1993, Shah Rukh Khan na bin Juhi Chawla, yana kiranta a waya cikin dare, ya rubuta sunanta a ƙirjinsa da wuƙa. Sunny Deol ne jarumin, amma a gidan kallo wa ake yi wa tafi? Mun fito muna kwaikwayon in'inarsa.

Malam Bashir K/Na'isa: Nan ne na fi girmama na Japan. Na Indiya yakan ba mai bibiya waƙa mai daɗi, ka fita kana rera ta. A Perfect Blue in Mima ta tsorata kai ma ƙasa ke juya maka, har ka kasa bambance abin da ya faru da abin da take wasa a shirin talabijin da abin da take mafarki. Kon ya fara da idon mai kallo, Sadiya, amma bai bar ki a can ba, ya dawo da ke cikin kan wadda ake kallo. Wannan ce amsata ga tambayarki. Ana gane bayan wa darakta yake ta wurin wanda ya bari ka ji tsoronsa.

Ummi Katsina: Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Ban kalli ko ɗaya ba, kuma ba na jin zan iya. 'Yar yayata ta sha irin wannan. Wani ya ce yana so, ta ce a'a da ladabi. Ya koma tsayuwa a bakin layinsu kullum bayan magariba. Ta sauya lamba ya samo sabuwar. Ya buɗe shafi da hotonta. Duk wanda ya zo zance sai ya tare shi a hanya ya ce an riga an ba shi. Da aka kai magana wurin manya, abin da aka fara tambaya shi ne me ta yi masa da ya liƙe mata haka. Wata gwaggonmu har cewa ta yi ta gode wa Allah, wasu nema suke a so su. Yarinyar nan ta bar islamiyya ta dare, ta rame, ko ƙarar babur ta ji sai ta firgita. Sai da aka mayar da ita wurin kawunta a wani gari. Shi yana nan yana yawonsa.

Abin da Barista ta faɗa na Okegawa, cewa rikicin saurayi da budurwa ne, kalmar da aka gaya mana ke nan.

Sadiya Zazzau: Allah sarki. Allah ya saka mata, Ummi, ya ba ta lafiya da kwanciyar hankali.

Barista A'isha: Amin. Ummi, ki gaya wa iyayenta su adana komai: saƙonni, hoton shafin, ranakun da ya zo, sunan waɗanda suka gani. A Najeriya dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ambaci bibiya a matsayin laifi, sai dai a duba ko jiharku ta amince da ita da kuma yadda ta tsara tata. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma ta taɓo barazana ta waya da kwamfuta. Ki yi mini magana ta gefe.

Wani abu kuma game da dokar Japan da masana can suke suka a kai: ta ɗaure laifin da dalili. Sai an nuna mutum ya yi bibiyar ne saboda soyayya ko makamancinta, ko haushin an ƙi shi. Wato doka da kanta tana fara tambayar me ke zuciyarsa kafin ta tambayi me ya same ta.

Ɗan Maraɗi: Ummi, Allah ya kyauta, kuma ki yi haƙuri in maganata ta sosa miki rai. Har yanzu ina ganin akwai amfani a nuna yadda kaɗaici ke lalata mutum, don irin su Mitsui suna cikinmu kuma wani bai kai ga aikata komai ba tukuna. Amma na karɓi maganar Hafsat cewa ba a ba matar bakin magana daidai da shi ba.

Hafsat Kumasi: A nuna kaɗaicin, ban ƙi ba. A nuna kuma me ake ji in ka dawo gida ka tarar an taɓa maka kaya.

Abba Fagge: To wanne zan fara da shi? Ni ba na son jini da yawa.

Malam Bashir K/Na'isa: Ka bar Audition tukuna. Ka nemi Creepy na Kiyoshi Kurosawa, 2016. Tsohon ɗan sanda ne da matarsa suka tare a sabuwar unguwa, matar ta ɗauki 'yar tsaraba ta je gaida maƙwabta. Teruyuki Kagawa ya fito a maƙwabcin, Nishino, yau ya yi maka fara'a gobe ya ci maka mutunci, ka rasa inda ya dosa. Akwai yarinya a gidansa da kowa ya ɗauka 'yarsa ce. Shi ma yana da wurare masu nauyi can wajen ƙarshe, kada ka kalla da iyali. In ka gama ka dawo ka gaya mana a wane lokaci ne kai da ka daina amsa gaisuwarsa, don ni da Nura mun yi musu a kan wannan ba mu daidaita ba.

Nura Gwammaja: Tun haɗuwar farko a bakin ƙofa, Malam. Har gobe a nan nake.